SINGILTON KO SATATIK? KU BAR MUSUN NAN, WAYA MAI RAM 2GB TA RIGA TA YANKE HUKUNCI



Yau ba koyarwa zalla na zo yi ba, da ɗan faɗa a ciki. Wanda ya san zuciyarsa kusa take ya sha ruwa kafin ya ci gaba.

Bari in fara da abin da na tabbata ya taɓa samunka, ko da ba ka taɓa rubuta layin kod ko ɗaya ba. Ka buɗe wata manhaja za ka yi rajista. Ka rubuta suna, lambar waya, ranar haihuwa, ka zaɓi jiha da ƙaramar hukuma, ka ɗora hoto da kyar saboda sabis. Sai aka ce an turo maka lambar OTP ta saƙo. Ka fita ka duba saƙon, a hanya kira ya shigo, ka amsa na minti biyu, ka ɗan leƙa WhatsApp, sannan ka dawo. Manhajar ta yi fari fat na ɗan lokaci, sai ta rufe kanta. Ko kuma ta buɗe shafin da ka bari, amma inda sunanka yake ɗazu yanzu "null" ne a rubuce. Ka yi tsaki, ka zagi sabis, ka zagi wayar, idan a Kano kake har ka ce gobe sai Farm Centre a yi maka musaya.

Ɗan uwa, sau da yawa ba sabis ba ne, ba kuma wayarka ba ce. Wanda ya haɗa manhajar ne ya ajiye bayananka a wurin da ba ya riƙe amana. Wurin nan kuwa suna biyu gare shi a bakin masu haɗa manhaja: wasu su ce singilton, wasu su ce satatik. Abin takaicin shi ne, su waɗannan mutane sun shekara suna musu a kan wanne ya fi, alhali duk biyun ciwo ɗaya ke kashe su.

Kafin in shiga faɗan, bari in yi wa sababbi bayani a gurguje, don na san da yawanku a kan waya kuke koyo, wasu da Termux, wasu da Pydroid, wasu da Sketchware suka fara.

A tsarin rubuta kod da ake ginawa a kan obijek, irin na Java da Kotlin da Python da Swift, akwai abin da ake kira kilas. Ka ɗauke shi a matsayin uwa. Ita ce ke haifar 'ya'ya, waɗanda su ne obijek. Kilas ɗin "Kwastoma" zai iya haifar kwastoma dubu, kowa da sunansa da lambarsa da bashin da ake binsa. Aikin da 'ya'yan suka iya kuwa, kamar biya ko cire kuɗi, shi ake kira metod.

Metod na satatik shi ne aikin da ba ya buƙatar ɗa ko ɗaya. Kilas ɗin kai tsaye kake kira. Misali a Java akwai Math.max, ka ba shi lamba biyu ya gaya maka babba. Babu wanda ke haifar wani "Math" kafin ya yi wannan, asali ma an toshe ƙofar haihuwar a cikin kilas ɗin.

Singilton kuma kilas ne da aka ƙaddara masa ɗa ɗaya tilo. An kulle konstirakta ɗinsa, wato ƙofar da ake haifar 'ya'ya ta cikinta, aka bar taga guda, yawanci sunanta getInstance. Duk wanda ya leƙo ta tagar nan, ɗan nan tilo za a miƙo masa. Runtime.getRuntime na Java haka yake. Amma ka yi hattara, ba duk getInstance ne singilton ba: Calendar.getInstance sabon kalanda yake ba ka duk lokacin da ka kira shi. Na sha ganin masu koyarwa suna kawo shi a matsayin misalin singilton, kuma da ƙarfin gwiwa.

To ga yadda musun yake tafiya. Ɓangare ɗaya su ce satatik aikin 'yan koyo ne, ƙwararre singilton yake rubutawa, domin yana cikin littafin manya. Ɗaya ɓangaren su ce singilton wahalar banza ce, layi goma sha don abin da kalma ɗaya za ta yi, su kuwa sai su buɗe kilas guda mai suna Utils ko Constants su zuba komai a ciki: lambar wayar mai amfani, makullin shigarsa, kayan da ya zuba a kwandon sayayya, har hoton fasfo ɗinsa.

Littafin da ake ta jingina da shi sunansa Design Patterns, ya fito a 1994, mutum huɗu suka rubuta: Erich Gamma, Richard Helm, Ralph Johnson da John Vlissides. Salo 23 suka tattara a ciki, singilton ɗaya ne daga cikinsu, kuma shi ya fi sauƙin haddacewa, shi ya sa ya fi yaɗuwa. Abin da malaman bidiyo ba sa gaya maka shi ne, a 2009, a wata hira da aka yi da wasu daga cikin marubutan bayan shekara 15 da fitowar littafin, shi kansa Gamma ya nuna cewa da son ransa ne da an cire singilton daga jerin, domin kusan duk inda ka gan shi akwai abin da ya ruɓe a tsarin. Mai abu ya ce abinsa na da matsala, kai kuma kana nan kana rantsuwa a kansa. Haba malam.

Yanzu duba waɗannan guda biyu. Na farko Java ne, da satatik:

class Zama {
    static String lambarWaya;
}

Na biyu Kotlin ne, da singilton, domin a Kotlin kalmar object ita kaɗai ta isa ta haifar maka ɗan tilo:

object Zama {
    var lambarWaya: String? = null
}

Ka gaya mini, tsakani da Allah, mene ne bambancinsu? Idan kana da Android Studio, shiga Tools, sai Kotlin, sai Show Kotlin Bytecode, ka danna Decompile. Za ka ga na biyun ya koma kilas mai ɗauke da wani abu da ake kira INSTANCE, kuma a gabansa an rubuta static ɓaro-ɓaro. Wato ɗan tilon nan da ake ta yi wa kirari, a kan satatik yake zaune. Haka yake a Java ma, duk singilton da ka taɓa rubutawa da hannu, a cikin wani gurbi na satatik ka ajiye shi. Satatik ne ya sa babbar riga da hula, aka daina gane shi.

Saboda haka tambayar "wanne ya fi" ba ita ce tambaya ba. Tambayar da ya kamata ka yi ita ce: abin nan yana riƙe wata ajiya da ke canzawa? Idan yana riƙe, wa ke iya taɓa ta, kuma yaushe take mutuwa?

Mu ɗauki mutuwar tukuna, don ita ce ta cinye maka rajistarka.

Kowace manhaja a Android tana da ɗakinta a cikin RAM, wanda ake kira furoses. Duk abin da ke satatik, da duk wani singilton, a cikin ɗakin nan yake rayuwa. Idan ka fita daga manhajar ka shiga wata, kuma RAM ya yi ƙaranci, Android ba ya neman izinin kowa, rushe ɗakin yake yi ya ba wanda ke gaba fili. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka tsara shi tun farko, kuma a rubuce yake a bayanan da Google ya tanadar wa masu haɗa manhaja. To amma ga inda tarkon yake: Android yana tuna shafin da ka tsaya. Idan ka dawo, sai ya gina sabon ɗaki ya kai ka shafin nan kai tsaye, ba ya sake bi da kai ta shafin farko inda aka cika lambarWaya. Shafin OTP ya miƙa hannu cikin Zama ya ɗauko lambar, ya tarar babu komai. A Java sai NullPointerException, manhaja ta kife. A Kotlin, idan mai rubutun ya sa alamar motsin rai guda biyun nan don a bar shi ya huta, ita ma kifewar ce.

Ka lura, a wannan lokacin Android bai tambayi ko da getInstance ka rubuta ko da static ba. Tare ya share su.

Ni kaina na ci wannan dukan, shi ya sa nake magana da zafi. Na taɓa haɗa wa wasu 'yan adashi ƙaramar manhaja ta rubuta zubi. Na ajiye sunan wanda ake karɓar kuɗinsa a cikin singilton, ina jin kaina, don a lokacin na gama kallon bidiyoyi na ɗauka na zama injiniya. A wayata lafiya lau, a kwamfuta lafiya lau. Uwar adashin kuwa ƙaramar waya gare ta. Takan zaɓi suna, ta fita ta duba alat ɗin banki don ta tabbatar kuɗi sun shigo, ta dawo ta danna "ajiye". Wani lokacin ya shiga daidai, wani lokacin zubin ya shiga babu suna. Kusan mako biyu ina cewa ita ce ba ta iya dannawa ba. Ranar da aka zauna lissafi aka ga zubi uku babu mai su, mutum biyar kuma kowa na rantsuwa ya biya, ranar na san ba wasan yara nake yi ba. Da littafin takarda da ta ƙi yarwa aka warware rigimar. Kunyar da na ji ba ta faɗuwa.

Wannan shi ne abin da ke ba ni haushi da masu kwafo darasi daga waje ba tare da tunani ba. Wanda ya yi bidiyon yana gwaji da waya mai RAM 8GB ko 12GB, manhajarsa za ta iya kwana a baya ba a taɓa ta ba. Mutanen da kai za ka yi wa aiki, da yawansu 2GB ko 3GB ke hannunsu, ga Facebook, ga WhatsApp, ga TikTok duk a buɗe. Google da kansa ya san da irin waɗannan wayoyi, shi ya sa ya fitar da Android Go a ƙarshen 2017 don masu ƙaramin RAM. A irin wayar nan rushe ɗaki ba tsautsayi ba ne na shekara-shekara, abin kullum ne. Kuskuren da can sai an yi sa'a ake ganinsa, a nan shi ne abin da kwastomanka zai fara cin karo da shi.

Wani abin haushin kuma, ajiyar nan da ke mutuwa lokacin da kake son ta rayu, ita ce kuma ke ƙin mutuwa lokacin da kake son ta mutu. Mutum ya danna "fita" daga asusunsa, an mayar da shi shafin shiga, amma ɗakin bai rushe ba, don haka singilton na nan da ransa, riƙe da suna da ragowar kuɗi da tarihin cinikin wanda ya fita. Ƙaninsa ya karɓi wayar ya shiga da nasa asusun, sai ga bayanan yaya sun bayyana. Mu da waya ɗaya kan zaga gida guda, ko shago ɗaya yara uku na karɓa-karɓa a kanta, wannan tonon asiri ne, ba ƙaramar matsala ba. Za ka ce ai sai ka rubuta metod na gogewa. To, ka rubuta. Bayan wata shida ka ƙara sabon gurbi a cikin singilton ɗin, ka manta ba ka ƙara shi a gogewar ba. Wa zai tuna maka?

Akwai na uku, shi kuma RAM yake ci a ɓoye. Singilton ɗinka yana buƙatar Context, sai ka miƙa masa shafin da kake kai, wato Activity. Mai waya ya juya ta a kwance, Android ya rushe shafin ya gina sabo, amma tsohon ba zai tafi ba, domin ɗan tilo ya riƙe masa riga. Shafin da hotunansa da komai nasa suna nan zaune a RAM babu mai amfani da su. Android Studio ma yakan ja maka layin gargaɗi idan ka ajiye Context a satatik, amma mutane sai su rufe ido. Idan dole ne, applicationContext ake bayarwa. Akwai kuma LeakCanary na kamfanin Square, kyauta ne, aikinsa ke nan kama irin wannan yoyon.

To yanzu kada wani ya ce na ce satatik haramun ne. Ko kusa. Metod na satatik da ba ya riƙe komai, ba ya taɓa komai a waje, yana cikin mafi tsaftar abin da za ka rubuta. Ka ba shi lambar da ta fara da 080 ya mayar maka da ita mai +234. Ka ba shi adadin kuɗi ya sa maka waƙafi a inda ya dace. Ka ba shi dukiya da nisabi ya fitar maka da ɗaya bisa arba'in idan ta kai. Yau ka kira shi, gobe ka kira shi, amsa ɗaya ce. Android ya rushe ɗaki sau ɗari, babu abin da ya yi asara, don dama bai ajiye komai ba. Wanda ya ɗauki irin wannan aiki ya naɗe shi cikin singilton, har da getInstance, wai don ya zama ƙwararre, wahalar da kansa kawai ya yi. Kotlin ma bai da kalmar static sam, sai dai ka rubuta aikin a fili a cikin fayil ba tare da kilas ba, shi kuma ya mayar da shi satatik a ƙarƙashi. A Python ka sa shi a modul ka wuce.

Amma ka riƙe misalin zakkar nan, don a nan ake zamewa. Nisabi yana bin farashin zinare, yana hawa yana sauka. Ranar da ka ce bari metod ɗin ya riƙa shiga intanet da kansa yana ɗauko farashin, ranar ya daina zama mai tsafta. A waje yana nan kamar da, ka ba shi kuɗi ya ba ka amsa, a ciki kuwa ya dogara da sabis da data da wata uwar garke da ba ka gani. Ta yaya za ka gwada shi a kan dukiyar da ta gaza nisabi da naira ɗaya, alhali nisabin ba a hannunka yake ba? Haka System.currentTimeMillis yake: satatik ne, amma agogo yake karantawa. Idan ka cusa shi a tsakiyar lissafin ranar ƙarewar wa'adi, to don ka gwada abin da zai faru ranar 31 ga wata sai ka jira ranar, ko ka riƙa murɗa agogon wayarka kamar mai gyaran rediyo. Shi ya sa tun Java 8, a 2014, aka kawo Clock, agogon da ake miƙa wa aiki daga waje, a lokacin gwaji ka ba shi na bogi wanda ka tsayar a ranar da kake so.

Nan ne masu singilton ke miƙewa su ce, yauwa, ka zo wurinmu. Kuma suna da gaskiya a abu ɗaya, ba zan danne ba. Ɗan tilo ɗa ne na gaske: yana iya cika yarjejeniyar intafes, ana iya miƙa shi daga hannu zuwa hannu, ana iya sa wani a madadinsa. Metod na satatik ba ya yin ko ɗaya cikin waɗannan, a manne yake da sunan kilas ɗinsa, ɗan gado ma ba ya iya sauya shi. Wannan fifiko ne na haƙiƙa.

Sai dai ku da kanku kuke zubar da fifikon. Da zarar ka rubuta getInstance a can cikin hanjin wani metod, ka koma gidan jiya. Ba ka miƙa shi ba, ba za ka iya musanya shi ba, kuma wanda ya kalli kilas ɗinka daga waje ba zai san yana buƙatar rumbun bayanai da intanet ba sai ya kira shi ya fashe. Miško Hevery, injiniyan Google a wancan lokacin wanda daga baya ya ƙirƙiro AngularJS, ya yi rubutu a kan wannan tun 2008, inda ya siffanta singilton da maƙaryaci, saboda yana ɓoye abin da kod ya dogara da shi. A shekarar dai ya yi wani rubutun yana sukar satatik a kan wahalar gwaji. Bai ɗauki ɓangare ba, duk biyun ya haɗa ya doka. Gaskiya ne Mockito ya fara iya kwaikwayon satatik tun 2020, amma samun maganin ciwon kai ba dalili ba ne na buga kai a bango.

Ni yadda nake kallon ajiyar da kowa ke iya taɓawa daga ko'ina, kamar randar bakin hanya ce. Kowa na sha, kowa na tsoma moɗa. Ranar da ruwan ya gurɓata, ba ka da hanyar sanin wa ya tsoma hannu mai datti, domin mutum arba'in suka wuce. A manhaja mai shafi arba'in, idan Zama.lambarWaya ta canza ba zato, sai ka bi fayil arba'in ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma zare biyu na aiki suka tsoma hannu a lokaci guda, wannan wani babin ne. Ko haihuwar ɗan tilon ma sai da ta ba manya wahala: dabarar nan ta duba sau biyu kafin a kulle, wadda har yau ake kwafowa, ba ta da tabbas a Java sai da aka gyara dokokin ƙwaƙwalwar yaren a Java 5 a 2004, kuma ko yanzu sai ka sa volatile. Joshua Bloch a littafinsa Effective Java ya ba da shawarar a yi amfani da enum mai ɗa ɗaya a huta. Duk wannan wahalar a kan haihuwa ce kawai, ba a ma zo kan tarbiyya ba.

Na san abin da wani zai rubuto: to ai Google da kansa yana amfani da singilton, kai wane ne? Haka ne. Bayanan Room sun ce ka yi rumbun bayanai guda ɗaya ka riƙa amfani da shi, domin buɗe shi na da tsada. Masu OkHttp sun ce ka yi guda ɗaya ka raba, domin kowanne yana riƙe da nasa tarin hanyoyin sadarwa da zaruruwa. FirebaseAuth ma da getInstance ake kiransa. A iPhone akwai URLSession.shared da UserDefaults.standard. Amma ka duba su da kyau. Room ƙofa ce kawai, bayanan suna kan ma'ajiyar waya, idan ɗaki ya rushe aka sake buɗe ƙofar komai na nan. OkHttp idan ya mutu sabo ake yi, babu abin mai waya da ya salwanta. FirebaseAuth yana rubuta wanda ya shiga a ma'ajiya, shi ya sa ko ka kashe waya ka kunna ba ya mantawa da kai. Babu ɗaya cikinsu da ya ɗauki amanar mutum ya bar ta a RAM kaɗai. Su kayan aiki suka mayar tilo, kai kuma bayanan mutane ka mayar tilo. Ba abu ɗaya ba ne.

Kuma buƙatar abu guda ɗaya daban, kulle ƙofa da buɗe taga ga duk gari daban. Kana iya haifar rumbun bayananka sau ɗaya a kilas ɗin Application, lokacin da manhaja ke tashi, sannan duk kilas ɗin da ke buƙatarsa ka miƙa masa ta konstirakta. Shi ke nan. Guda ɗaya ne har yanzu, amma duk mai amfani da shi ya faɗa da bakinsa a bakin ƙofa. Wannan shi ne abin da ake ta kira da dogon suna ana tsorata yara, allurar dogaro ko me, alhali ma'anarsa kawai a ba ka abu a hannu maimakon ka haura katanga ka ɗauko. Dagger da Hilt da Koin sauƙaƙa wannan suke yi idan aiki ya girma. Hilt har alamar @Singleton gare shi, amma kilas ɗin da ka sa wa ita ƙofarsa a buɗe take, a gwaji ka haifi goma idan ka so. Kai da ke haɗa manhaja mai shafi biyar a kan waya ba ka buƙatar ko ɗaya daga cikinsu, hannunka ya isa, kada wani ya ce sai ka sauke laburare kafin ka yi abu daidai.

Bayanan mai waya kuma fa, ina za su? Abin da shafi na gaba ke buƙata, kamar lambar wayar da za a tura wa OTP, ka aika shi cikin Intent, domin Android yana adana wannan ya dawo da shi bayan rushewa. Abin da mutum ke tsakiyar rubutawa, onSaveInstanceState ko SavedStateHandle. Kada ka ruɗu da ViewModel shi kaɗai: yana tsallake juya waya, amma ba ya tsallake rushewar ɗaki. Kada kuma ka cusa hoto a cikin waɗannan, hanyar da suke bi ba ta wuce kusan 1MB ba gaba ɗayanta, ka ajiye hoton a fayil ka riƙe adireshinsa. Abin da ya kamata ya kwana ya tashi, DataStore ko Room. Idan kuɗin mutane ne, ka rubuta shi a ma'ajiya kafin ka nuna musu alamar an karɓa.

Ga gwajin da nake so kowa ya yi yau, har wanda ba ya rubuta kod. Shiga Settings, About phone, ka danna Build number sau bakwai, Developer options zai buɗe. A ciki nemi Background process limit ka zaɓi No background processes. Kada ka tsaya a kan Don't keep activities, shi shafi kawai yake rushewa, ɗakin na nan, satatik ɗinka zai tsira ya yaudare ka. Kada kuma ka share manhajar daga jerin waɗanda ka buɗe kwanan nan, wannan sabon farawa ne, ba shi muke nema ba. Buɗe manhajar, ka shiga can ciki, shafi na uku ko na huɗu, ka cika rabin fom. Danna maɓallin gida, buɗe wasu manhajoji biyu ko uku, sannan ka koma ta jerin kwanan nan. Mai kwamfuta kuma ya tura manhajar baya, ya rubuta adb shell am kill da sunan fakitinta, ya fi tabbas.

Idan ta dawo da kai inda ka tsaya da rubutunka cif, wanda ya haɗa ta ya san aikinsa. Idan ta kife, ko ta nuna null, ko ta yi ta juya ƙwallo babu ƙarshe, ka san inda aka ajiye bayananka. Idan taka ce, buɗe kod ɗin ka nemi duk inda ka rubuta static ba tare da final ba, da duk var da ke cikin object ko companion object, daga nan za ka fara. Idan ka gama gwajin ka mayar da Background process limit zuwa Standard limit, in ba haka ba gobe kai ma za ka zo kana zagin wayar.